Mako 22 baki a rufe: abin da ya faru da wani macijin kiwo

Ɗan yayata ne ya kira ni da daddare, muryarsa a sama: "Kawu, yau mako shida ke nan bai sa komai a bakinsa ba." Macijin da yake nufi namijin mesa ne, irin ƙaramar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo ta cusa kai a tsakiya idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Tun yana ɗan ƙyanƙyasa ya samo shi a wurin masu kiwo, ya raɗa masa suna Dunƙule, kuma lokacin da abin ya faru shekararsa uku da 'yan watanni. Na daɗe ina ajiye irin waɗannan macizai, saboda haka duk abin da ya taso ni yake nema.

Amsar da na ba shi a daren ita ce kuskure na farko a wannan labari, kuma nawa ne. Na ce masa lokacinsu ne, ya ƙyale shi. Ba ƙarya na yi ba, domin mazan wannan mesa sun shahara da daina ci idan watannin sanyi suka kama, lokacin da hankalinsu ke komawa kan neman mace. Amma ban tambaye shi komai ba. Ban tambayi nauyin macijin ba, ban tambayi zafin akwatinsa ba, ban ma tambaya ko an sauya masa wani abu a kwanakin ba. Na ba shi rabin gaskiya na koma barci, shi kuma ya kwana da damuwarsa, ya tashi ya shiga neman mafita da kansa.

Abin da ya yi tsakanin mako na 6 da na 14, sai daga baya na ji shi dalla-dalla. Ya riƙa miƙa wa macijin ɓera duk bayan kwana biyu ko uku. In ya ƙi, sai ya ɗaga maɓuyarsa ya kai masa ɓeran har hanci, yana ɗan taɓa masa kai da shi, wai ko zai fusata ya kai sara. Kullum da yamma yakan fito da shi ya jujjuya ya duba ko ya rame. A mako na 9 wani ya ba shi shawarar ya gwada mai rai, tun da duk rayuwar Dunƙule ɓeran da aka daskarar a firiza ake narkar masa. Ya sayo babban ɓera, ya jefa a akwatin, ya fita na kamar sa'a guda don kada tsayuwarsa ta hana macijin sakewa. Da ya dawo sai ya tarar da macijin a dunƙule a kusurwa, ɓeran a kansa, ya riga ya gwagwiye masa baya, rauni kamar faɗin farcen babban yatsa.

Mutane na mamakin wannan in an ba su labari, amma abu ne sananne ga masu kiwo. Mesar da ba ta da niyyar ci ba ta kare kanta daga ɓera. Dunƙulewa kawai ta sani, kuma dunƙulewa ba ta hana haƙori shiga. Ɓeran da aka kulle da ita, ga yunwa ga tsoro, yana iya ci har ƙashin baya. Ɗan yayata ya yi sa'a abin ya tsaya a fata. Ya wanke wurin da ruwan aidin da aka sirka, bai gaya mini ba don kunya, sai da mako na 14 ya cika ya sake kira, wannan karon yana tambaya yadda ake yi wa maciji ɗura. Da na ji kalmar ɗura na ce kada ya taɓa shi, ga ni nan zuwa.

Abin da na tarar

Kafin in taɓa macijin, akwatin na tsaya na kalla. Na san Dunƙule a cikin wata robar ajiya mai murfi, mai duhu-duhu, wadda aka huhhuda don iska. Yanzu sai ga shi a katafaren akwatin gilashi, murfinsa na ragar waya, an girke shi a falo dab da ƙofa, talabijin na gefensa. Kyakkyawa ne, ba a magana. Na tambayi yaushe aka yi ƙaurar. Ya lissafa a yatsu, ya ce kamar mako biyu kafin macijin ya daina ci. Sai da ya faɗa da bakinsa sannan ya yi shiru yana kallona.

Maɓuya ɗaya ce a ciki, rabin kututture mai buɗe ta gaba da ta baya, kuma ta yi wa macijin girma. A daji wannan mesa, daga Senegal har zuwa Yuganda, yininta a cikin ramin ɓera ko tsohon shuri take yi, inda bango ke taɓa jikinta ta kowane gefe, sai dare ya yi ta leƙo. Wurin da za ta kwanta ta ga haske ta gaba ta ga haske ta baya, a wurinta fili ne. Kuma macijin da ya haɗiyi ɓera yakan yi kwanaki jikinsa a nauyaye, gudu ba daɗi, kare kai ba daɗi. Idan bai yarda da wurin da yake ba, ba zai jefa kansa cikin wannan hali ba.

Sai zafi. A jikin gilashin, can sama kusa da fitila, an manna wani ma'aunin zafi mai allura kamar agogo, yana nuna digiri 31 a ma'aunin Salshiyas. Da shi ɗan yayata ya dogara duk tsawon makonnin nan. "Ai ka gani, Kawu, daidai yake." Daidai yake ga iskar da ke ƙarƙashin fitila, inda maciji bai taɓa kwanciya ba. Na fito da nawa ma'aunin mai harba haske, na ɗaga kututturen na auna ƙasan da cikin macijin yake a kai: digiri 26. Akwai shimfiɗar ɗumi ta lantarki a ƙarƙashin gilashin, amma an zuba dakakken ɓawon kwakwa mai kaurin yatsu huɗu a kanta, ɗumin bai isa sama ba. Da daddare kuma ana kashe fitila. Na bar masa ma'aunin da ke riƙe mafi ƙarancin abin da ya gani, da safe ya turo mini hoto: 21. Abin da ake nema wa wannan mesa shi ne gefe mai ɗumi na digiri 31 zuwa 33, gefe mai sanyi na 24 zuwa 27, ta riƙa kai da komo tsakaninsu yadda take so. Danshin iska kuwa, wanda bai kamata ya gaza kashi 55 ko 60 cikin 100 ba, murfin raga ya zuƙe shi ya koma 35.

Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar mu. Da ɗumin waje yake narkar da abinci. In ya haɗiyi ɓera a wuri mai sanyi, ɓeran zai fara ruɓa a cikinsa kafin ya narke. Ƙin cin da Dunƙule yake yi a wannan akwati, in aka duba da kyau, ceton kansa yake yi.

Daga nan na ɗauke shi. Ya naɗe mini hannu da ƙarfi, harshe na fita da shiga ba ƙaƙƙautawa, alama ce mai kyau. Na kara kunne a kusa da kansa, babu shessheƙa, babu ƙarar fito, babu kumfa a hanci. Na buɗe bakin a hankali: ciki ja-ja ne mai tsabta, babu majina, babu farin ruɓa irin na ciwon baki. Na shafe jikinsa da farar takarda mai laima ina neman ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu shan jini, na duba ƙasan haɓa da gewayen ido inda suke laɓewa, na leƙa kwanon ruwa ko zan ga sun nutse kamar ɗigon tawada. Babu. Raunin baya ya bushe, ya yi ɓawo.

Abin da ya fi ba ni dariya, duk da ban yi a gabansa ba, shi ne siffar jikin. Macijin da ake kuka zai mutu da yunwa teɓa gare shi. Idan mesa na cikin ƙoshin da ya dace, jikinta daga ciki zuwa baya yakan ɗan tsuke zuwa sama a hankali, ƙashin baya a lulluɓe amma ana jin sa. Wadda ta rame, ƙashin bayan kan fito tsini kamar kan jinka, fata ta saki. Dunƙule kuwa zagaye yake kamar bututu, tsakiyar bayan ma ya ɗan lotsa saboda kitsen da ya taso gefe da gefe, in ya lanƙwasa fata ta bayyana tsakanin ɓawo da ɓawo, ga wani tudu dab da gindin wutsiya.

Na ce a kawo sikeli. Muka ɗora kwano, muka mayar da lamba sifili, muka sa macijin: giram 1,195. Matsalar ita ce ba mu da abin da za mu gwada da shi, don ɗan yayata ba ya rubuta komai. Yana ta shafa waya sai ya ci karo da wani hoto da ya ɗauka kamar wata guda kafin a fara wannan rigima, don ya nuna wa abokansa girman macijin: Dunƙule a kan sikelin, lamba ta fito sarai, 1,240. Wato a mako 14 babu ci, giram 45 kacal ya rage, ƙasa da kashi 4 cikin 100.

Dalilin da ya sa yunwar maciji ba irin tamu ba ce

Na zaunar da shi na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun daren farko. Mutum na auna dabbarsa da cikinsa. Mage ko kare in ya yi kwana uku bai ci ba, lallai akwai matsala. Maciji mai kwanton ɓauna an gina shi a kan wata hanya dabam, kuma an yi bincike sosai a kan haka.

A shekarun 1990, wasu masu bincike biyu, Stephen Secor da Jared Diamond, sun yi aiki a Amurka a kan babbar mesar ƙasar Bama ta nahiyar Asiya, 'yar uwar tamu. Abin da suka gano ya ba masana mamaki. Tsakanin ci da ci, mesa takan kashe injin narkar da abincinta kusan gaba ɗaya: hanji ya motse, ciki ya daina fitar da ruwan tsami. Da zarar ta haɗiyi abu, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙaramin hanji ya kumbura ya kusa ninka nauyinsa, ciki ya koma tsami mai narkar da ƙashi, yawan iskar da jikin ke ƙonawa ya tashi ninki goma-goma, har ya haura ninki 40 idan abincin babba ne ƙwarai. In aikin ya ƙare komai ya sake lafawa. Ma'ana, kowane cin abinci babban aiki ne mai tsada ga jikinta, ba abin da take shiga don marmari ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, wato yadda take jure rashi, Marshall McCue na Jami'ar Arkansas ya auna shi a binciken da ya wallafa a 2007. Ya hana macizai iri uku abinci na kwana 168, cikinsu har da irin Dunƙule. Sun rage ƙona ƙarfin jikinsu, wasu har da kashi 72 cikin 100, suka fara da cin kitsensu suka bar tsoka, kuma abin al'ajabi, suka ci gaba da ƙara tsawo. Kusan wata shida ke nan fa. Ban kawo wannan don a ce a bar maciji da yunwa da gangan ba, na kawo shi ne don a san ma'aunin da ake magana a kai. Babban maciji mai kitse da ya yi wata uku bai ci ba, bai ko kusa da bakin rami ba.

Shi ya sa ƙirga kwanaki ba ya gaya wa mai kiwo komai. Sikeli ne ke magana. Iyakar da yawancin masu kiwo da likitocin dabbobi ke amfani da ita ita ce kashi 10 cikin 100 na nauyi: in ya kai nan, ko kuma nauyin na zuba da sauri, a tafi asibitin dabbobi. Ga Dunƙule muka ja layi a giram 1,116, muka rubuta a takarda muka manna a gefen akwatin. Haka kuma duk ranar da aka ji shessheƙa, ko aka ga majina, ko yana kwana da baki a buɗe, ko jiki ya saki, ko kumburi a tsakiyar ciki, ko yana kifewa ya kasa juyowa, ba a jira sikeli. Ɗan ƙyanƙyasa mai giram 60 ko 70 ma lissafinsa dabam ne, ba shi da ajiya. In ya ƙi ci sau uku ko huɗu a jere, a nemi wanda ya sani.

Ɗura kuwa, na gaya masa, ita ce ta ƙarshe a jerin, kuma hannun likita ko gwani ne ke yin ta, ga macijin da ya riga ya zube. A danne lafiyayyen maciji a tura masa ɓera a maƙogwaro, garin neman gira ne a rasa ido: ana iya ji masa ciwo, yawanci yakan amayar, kuma daga ranar zai haɗa warin ɓera da tashin hankali.

Gyaran bai ɗauke mu yini ba. Muka mayar da akwatin ɗaki mai shiru, muka rufe gilashin ta gefe uku da baƙar takarda. Muka rage kaurin shimfiɗar a gefen ɗumi, muka haɗa ɗumin da na'urar da ke daidaita zafi tana kashewa tana kunnawa da kanta, wadda bai kamata a kunna kowane abin ɗumama maciji ba tare da ita ba, don gilashi na iya yin zafin da zai ƙona masa ciki. Muka ƙara wani abin ɗumi mara haske don dare. Muka rufe yawancin ragar murfin, muka sa babban kwanon ruwa. Maɓuya biyu iri ɗaya, matsattsu, masu ƙofa ɗaya, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, don kada ya zaɓi tsakanin tsaro da zafi. Muka cika filin tsakiya da rassa da ganyen roba.

Sai doka mafi wuya: mako uku babu ɗauka, babu leƙe, babu ɓera. Ruwa kawai za a sauya. Awo sau ɗaya a mako biyu, a rubuta. "Kawu, mako uku fa?" Na ce mako uku. A gaskiya macijin bai wahalar da ni a wannan aiki kamar mai shi ba.

Daga mako na 17

Ranar gwaji na farko na je da kaina don ya ga yadda ake yi. Ɓera ƙarami muka zaɓa, giram 55, ba irin na giram 120 zuwa 130 da ya saba ba shi kowane mako ba. Ya kwana a firiji ya narke, muka sa shi a leda muka tsoma a ruwan zafi har kansa ya kai kamar digiri 38 zuwa 40, kusan ɗumin mai rai. Ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, don takan dafa wani wuri ta bar wani da ƙanƙara, wani lokaci ma cikin ya fashe. Ɗumin na da muhimmanci saboda a leɓen mesa na sama akwai jerin 'yan ramuka da take ganin zafi da su a cikin duhu. Ɓera mai sanyi a wurinta ɓera ne da ba shi da siffa. Muka jira dare, muka kashe fitila, na riƙe shi da dogon hantsaki ta ƙeya, na ɗan motsa shi a nesa da bakin maɓuya.

Ko leƙowa bai yi ba. Da na haska 'yar fitila sai na ga dalili: idanunsa sun yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba madara, launin jikin ya dushe. Saɓa ce ta zo. A wannan hali ganinsu na raguwa, yawancinsu ba sa ci. Muka jefar da ɓeran, don wanda aka narkar ba a mayar da shi firiza. Bayan kwana goma sha ɗaya ya yi saɓarsa guda, ba yayyagewa, har da murfin idanu biyu, raunin bayan ya koma ɗan tabo. Wannan saɓa ita ce shaida ta farko cewa danshin ya gyaru.

A mako na 20 ya fito da kai, ya ɗaga wuya ya yi lanƙwasar shirin sara, harshe na karkarwa, ya matso har ya taɓa gashin ɓeran, sannan ya janye kamar wanda ya tuna wani abu. Aka bar masa shi a bakin maɓuya har safe, aka tarar da shi yadda aka ajiye. Ɗan yayata ya so ya sake gwadawa washegari. Na ce sai bayan mako biyu. Sikeli ya nuna 1,170.

Kafin gwaji na gaba na tuna wani bincike da Luca Luiselli da Francesco Angelici suka wallafa a 1998, kan abin da wannan mesa ke ci a dazukan kudu maso gabashin Najeriya. Sun gano cewa maza sun fi hawa bishiya kuma tsuntsaye suka fi yawa a abincinsu, mata kuwa sun fi cin ɓeraye da danginsu. Farin ɓeran da ake kiwo don ciyar da macizai ba shi ne abin da kakannin Dunƙule suka sani ba. Sai na ce a samo ɗan tsako daskararre a goga wa ɓeran gashinsa a kai. A daren da mako na 22 ya cika, nauyi 1,160, ɗan yayata ya turo mini bidiyo mai duhu wanda ba a ganin komai a ciki sai jin ƙarar bugu da ihunsa da yake ƙoƙarin dannewa. Ya kama, ya naɗe, ya haɗiye.

Wane ne ya yi aikin, tsakon ko ɗumin ko wucewar lokacin? Ni na fi jingina shi ga ɗumi da maɓuya da kuma shirun da aka ba shi, don tun a mako na 20, kafin zancen tsako, ya riga ya nuna sha'awa. Lokacin ma ya taimaka, sanyi ya fara ja da baya. Tsakon ɗan turi ne kawai a ƙarshe.

Da a nan labarin ya ƙare da ya yi daɗi. Murna ta ɗebi ɗan yayata, ya ga ya kamata a rama abin da aka rasa. Kwana biyar bayan nan, ba tare da ya gaya mini ba, ya ba shi ɗaya daga cikin manyan ɓerayen da suka rage a firiza. Macijin ya karɓa. A rana ta biyu ya fito da shi ya nuna wa wani baƙo kumburin cikin. A rana ta uku da asuba wari ya tashe shi: ɓeran ne a tsakiyar akwati, lulluɓe da yauƙi, kai ya narke, sauran jikin yana nan. Duk wanda ya taɓa shaƙar wannan wari ba ya mantawa.

Amai ya fi ƙin ci haɗari nesa ba kusa ba. Macijin ya riga ya kashe ƙarfin tayar da injin narkewa bai samu komai ba, ya yi asarar ruwan jiki, tsamin ciki ya bi ta maƙogwaro ya ƙona. In aka yi gaggawar sake ba shi, zai sake amayarwa, kuma a haka ne ake rasa su. Kurakurai uku ne suka haɗu: abinci ya yi girma ga cikin da ya yi wata biyar a kwance, ya zo da wuri, sannan aka ɗauki macijin kafin sa'a 48 ta cika, wadda ita ce mafi ƙarancin hutun da ake ba shi bayan ci. Sikeli ya sauka 1,140, saura giram 24 a taɓa layinmu. Wannan karon ban jira layin ba. Amai na iya zama alamar tsutsar ciki ko wata ƙwayar cuta da ke kumbura bangon cikin macizai, saboda haka na ce a ƙulle abin da ya amayar a leda a tafi da shi tare da macijin wurin likitan dabbobi da ya san masu jan ciki. Likitan ya duba, ya yi gwaji, bai ga abin tsoro ba, ya ce a ba shi hutun mako biyu cur, a koma da abin da bai kai rabin girman na da ba. Haka aka yi, da ɓera mai giram 35, ya zauna lafiya.

Sau nawa, ashe

Tambayar da ɗan yayata ya fara yi tun yana sabon mai kiwo ita ce sau nawa ake ba shi, aka ce masa sau ɗaya a mako, ya riƙe wannan har shekara uku. Amsar daidai ce a ranar da aka ba shi. Ɗan ƙyanƙyasa yana girma da sauri, yana bukatar ci duk kwana 5 zuwa 7, abin da ya kai kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsa. In ya ɗan tasa, ya kai 'yan ɗaruruwan giram, a buɗe tazarar zuwa kwana 7 ko 10, daga baya 14. Babba wanda girma ya lafa, mako biyu zuwa uku ya ishe shi, wasu masu kiwo ma sukan kai wata guda ga maza, da abincin da bai wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 na nauyinsa ba, kuma kaurinsa bai fi wurin da jikin macijin ya fi kauri ba. Macen da ta yi ƙwai ta zube takan bukaci ƙari na ɗan lokaci. Wasu irin macizan da suka fi zirga-zirga, kamar macijin masara na Amurka, sun fi wannan yawan ci kaɗan, babbansu kwana 10 zuwa 14.

Dunƙule yana cin kashi goma na nauyinsa kowane mako, wato fiye da ninki uku na abin da babban namiji ke bukata. Hanjinsa bai taɓa samun damar lafawa ba. Masu sayarwa da masu son ganin macijinsu ya yi saurin girma sun sa wannan ya zama kamar al'ada, kuma ni ina ganin ƙiba ta fi yunwa kashe macizan kiwo a hankali, ta hanyar kitse a hanta, sai dai ba wanda ke kiran kawunsa da daddare don macijinsa ya cika ci. Dabba ce da kan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mutum. A gidan namun daji na Saint Louis a Amurka akwai wadda ta saka ƙwai a 2020 tana da kimanin shekara 62. Babu inda ake sauri.

Muka tsayar masa da ɓera mai giram 55 zuwa 65 duk mako uku, daga wurin masu kiwonsu don wannan aiki, ba na kamun gida ba, wanda zai iya zuwa da tsutsa ko gubar da ya ci. In ya ƙi, a jefar, a jira zagaye na gaba. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi ko abincinsa, saboda ƙwayar salmonela da masu jan ciki ke ɗauke da ita. Cikin wata takwas nauyinsa ya tsaya a kusa da 1,200, lotsawar bayan ta ɓace, ya fara fitowa da daddare yana hawa rassan, abin da bai taɓa yi ba a da.

Da sanyi ya sake zagayowa ya sake rufe baki. Ban sani ba sai da na je gidan don wani abin dabam, na ga littafin awon a kan akwatin na buɗe. Layi tara a jere, kowanne da kwanan wata, nauyi, zafin gefe biyu. A uku daga cikinsu an rubuta "ya ƙi". A gefen na ƙarshe, da jan biro, ɗan yayata ya rubuta 1,185, ya ja layi a ƙarƙashi, sannan ya ƙara: a sake gwadawa bayan mako uku.